Mun duba hannu da ƙafa, ba mu duba kai ba

Assalamu alaikum. Na daɗe ban rubuta komai a nan ba. Masu tambaya ku yi haƙuri, jinyar ƙanina Sadik muke yi. Ban iya dogon rubutu ba, Umma ce ta ce in faɗa.

Watansa bakwai. Yana barci a gadon Umma, muna wanki a tsakar gida, sai muka ji tim. Ashe ya koyi juyi ba mu sani ba. Kan tayil ya faɗo.

Ya yi kuka, ya sha nono, ya yi shiru. Kakarmu Inna ta ce a kai shi wajen mai ɗori nan Gyaɗi-Gyaɗi. Ya lallatsa hannu da ƙafa, ya ce babu karaya, babu targaɗe. Muka dawo da murna.

Kan kuwa ba wanda ya kula, tunda babu jini, babu ƙulu.

Washegari ya fara amai. Ko an tashe shi sai ya koma barci. Maɗigarsa ta kumbura, Inna ta kwaɓa magani ta shafe wurin.

"Ku 'yan zamani, abu kaɗan sai asibiti," in ji ta. "Ubanku sau nawa ya faɗo?"

Da Baba ya dawo daga aiki ya ga Sadik ya ƙi nono, bai yi musu da ita ba, adaidaita ya taro.

Sai da nas ta wanke maganin kafin likita ta ga kumburin. Ta ce wa Umma, "Hajiya, ciwon kan jariri ba dole ya nuna a waje ba."

Aka yi hoton kai, da taimakon kawunmu na Tarauni. Jini ne ya taru a ciki. Aka shiga da shi tiyata.

Ni ke kai abinci kullum, in zauna a tabarma a baranda. Inna tana gefena, tana azumi. In Umma ta leƙo sai Inna ta ce, "Ya sha nono?"

Ranar da ya sha ɗin, kuka Inna ta yi.

Alhamdulillahi an sallame mu. Likitoci da maƙwabta, Allah ya saka da alheri.

Don Allah in jariri ya faɗo, ku kai shi asibiti, musamman in ya fara amai, ko yawan barci, ko ya ƙi nono, ko maɗiga ta tashi. Kada a shafa komai a wurin.

Hannunsa na hagu bai gama ƙwari ba. Gobe ma muna da gashin hannun a asibiti, da sassafe za mu kama layi. Ku sa shi a addu'a.