Amplin Marigayi Hamma

Ba na jin akwai ranar da zan manta da zuwan amplin marigayi Hamma ateliyenmu, wato shagon gyaranmu, a Dakoro. Lokacin ban daɗe da gama karatun lantarki a Maradi ba, ina istaj, wato aikin gwaji, a ƙarƙashin maigida Isuhu. Tsarin wurin shi ne maigida ke karɓar kaya, shi ke yanke abin da za a yi. Mai istaj ya buɗe, ya auna, ya kawo bayani. Ko dalma ba na narkawa sai da izininsa.

Da hantsi wani mutum mai suna Agali ya shigo rungume da tsohon ampli, na'urar ƙara sautin gita, irin mai lampu, wato kwalaben gilashin nan da ke yin ja in sun ɗauki zafi. Ya ce na wansa ne, Hamma, makaɗin gita da ya rasu bara waccan. Gobe za a ɗaura auren ɗiyar Hamma a Bader Goula, kuma abu ɗaya ta roƙi baffanta: a kaɗa mata da muryar amplin babanta. Motar da za ta kai su tana tashi bayan la'asar.

Amplin yana fidda sauti, amma abubuwa biyu sun mutu. Na farko reberb, amsa-kuwwar da ke sa gita ta yi kamar ana kaɗa ta a bakin rijiya mai zurfi. Na biyu tiremolo, karkarwar da ke sa sauti ya riƙa hawa da sauka.

"Tiremolon tun Hamma yana raye take gardama," in ji Agali. "Amma amsa-kuwwar, tun da aka kai shi makwancinsa ba ta ƙara fita ba. A gida cewa suke da shi ta tahi."

Maigida ya leƙa bayan akwatin, ya taɓe baki. Da Agali ya fita ya zauna a benci, sai ya jawo ni gefe.

"Lawali, wannan kakanka ne a shekaru. Kayansa babu ko a Maradi. Cire tankin amsa-kuwwar nan, a huda ƙarfen amplin, a liƙa ƙaramar na'urar amsa-kuwwa irin ta amplin zamani. Wa zai gane a cikin guɗa?"

Ƙarfe in an huda shi ya hudu ke nan, kuma sautin da zai fito ba na Hamma ba ne. Ni kuwa ban taɓa gyara mai lampu ba sai a takarda. Na ce, "Maigida, ban ce zan iya ba. Amma wataƙila, in ka yarda, in fara aunawa."

"Kai da wataƙilarka. Na ba ka zuwa azahar. In an sallame bai yi magana ba, ni da kaina zan huda."

Ku da kuke koyo yanzu, ga abin da ya kamata ku sani. Irin wannan ampli yana riƙe wuta mai kisa a cikin manyan kondansatocinsa, 'yan gwangwanayen da ke tara wuta, ko bayan an zare shi daga bango. Sai an sauke ta a hankali ta cikin rezistans, ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta, a auna, a tabbata. Ni sai da na auna, na sake aunawa, har maigida ya tambaya ko awon gero nake. Hannuna na hagu yana cikin aljihu kamar yadda aka koya mana.

Na fara da tiremolo don ita nake ganin na fi fahimta. A ciki akwai ɗan ƙwan fitila da ya kamata ya riƙa ƙyaftawa, sauti na bin ƙyaftawarsa. Ba ya ƙyaftawa. Zatona ya tafi kan ƙananan kondansatocin da ke ba shi bugu, don zafin garinmu yana busar da su. Na samo masu kama da su a cikin wata matacciyar rediyo, maigida ya ɗaga kai alamar izini, na liƙa. Na kunna. Lampu suka yi ja, ƙwan bai motsa ba. Na tsaya ina kallonsa, har na fara tunanin me na ƙona. Can sai ya ƙyafta, ya ƙara, ya kama bugu.

Saura reberb, rana kuma ta yi sama. Tankin wani dogon gwangwani ne kwance a gindin akwatin cikin jakar fata. A cikinsa akwai siraran resor, wato murɗaɗɗun wayoyin ƙarfe, da sauti ke bi yana kaɗawa. Na musanya lampun da ke tura masa sauti da wani mai lafiya, shiru. Na auna wayoyin shiga da na fita, lafiya lau. Na ƙwanƙwasa tankin da yatsa. Mai lafiya ƙara yake kamar an yar da tire, matacce kuma ba ya cewa komai. Wannan sai ya ce "dum", gajere, kamar an bugi buhun gero. Ban taɓa karanta wannan a ko'ina ba.

Ladan ya kira azahar. Maigida ya ajiye injin huda a kan teburina, ya tafi alwala. A sallar nan, Allah Ya yafe mini, rabin hankalina yana gindin akwatin.

Da muka dawo na roƙi a bar ni in ciro tankin kawai, tunda ko za a huda sai an cire shi. A nan na lura kusoshin da ke riƙe jakar sun cinye a kai, sun yi sumul, alamar an sha kwance su. Na zaro tankin na kifa shi. Wani ƙyalle baƙi mai shuni, yagin rawani, an naɗe shi a kan resor ɗin, an cusa shi da kyau yadda ba za su motsa ba.

Na daɗe riƙe da shi. Ban so in warware ba tare da mai kaya ya gani ba, kuma ina tsoron abin da ganin zai yi masa. Na kira Agali.

"Baba, ban tabbata ba, amma ina jin wani ne ya sa wannan da gangan. Ko kun yi tafiya da amplin kafin rasuwar?"

Ya karɓi tankin, ya shafa ƙyallen, shunin ya ɓata masa yatsa.

"Daga Kornaka muka dawo, biki. Ya sauka daga mota da zazzaɓin da ya ɗauke shi." Ya juya tankin a hannunsa. "Kullum kafin a ɗora kaya sai ya kore mu, ya duƙa bayan akwatin nan. Muna yi masa tsiya, muna cewa laya yake sawa."

Ba laya ba ce. Hamma yana ɗaure resor ne don kada gargadar hanya ta tsinka su, in an isa ya kwance. A tafiyar ƙarshe ya ɗaure, bai samu kwancewa ba.

Agali ya warware da hannunsa. Na mayar da tankin, ya jona gitar da ya zo da ita, ya taɓa tsirkiya ɗaya. Sautin ya fita, ya yi nisa, ya dawo yana karkarwa. Bai ƙara taɓa wata ba. Maigida ya ɗauke injin huda ya mayar cikin akwati, ya ce, "To, Malam Wataƙila, rufe masa kaya, mota ba ta jira."

Abin da na koya, in na koyi wani abu, shi ne tsohon kaya yana zuwa da hannun mai shi a jikinsa. Kafin ku tambayi me ya ƙone, ku tambayi wa ya riƙe shi, kuma wace hanya ya biyo.

Na ɗauko turnabis, wato sukuddireba, zan ɗaure jakar, sai Agali ya riƙe mini hannu. Ya miƙo ƙyallen.

"Hanyar Bader Goula ba ta da kyau, ɗana. Gwada mini yadda yake naɗawa. Kwancewar kuma, wannan karon, ni zan yi."