Idon Gunvor da Gaurakar Farko

Wai a asibiti aka cire wa Gunvor Bjurhed ido aka dasa mata na mikiya, shi ya sa take hango ɓera daga ƙetaren tafki. Ƙarya ce tsagwaronta! Yanar ido kawai aka kankare mata, ta dawo gida tana zagin likita don kofin da ya ba ta ta sha salam ne.

Shekara talatin tana raba wasiƙu a kan keke a ƙauyensu na Sweden, kanta a sama kullum, har ta faɗa rami sau ɗari, ko dai sau biyu. Ita ba ta kallo kamar kowa. Cewa take tana "skåda", tsohuwar kalmar gani da ta gada wurin kakarta, wadda yanzu sai a littafin coci. Duk shekara idan ƙanƙara ta fara narkewa, ita ke fara ganin gauraka ta dawo daga kudu, a rubuta sunanta a allon kanti, yara kuma, bisa al'adar garin, su rataye safa wai gauraka ta zuba musu alewa.

Bana sai Torvald, tsohon malamin lissafi, ya sayo madubin hangen nesa mai tsawon bututun murhu, ya ce allo nasa ne.

"Gunvor, je ki huta. Idonki ya yi ritaya."

"Naka ma a kanti ka sayo shi," in ji ta.

Kwana tara suna tsaye bakin tafki cikin sanyi. Ran na goma Torvald ya daka tsalle, hula ta faɗi.

"Ga ta! Na rigaya! A kawo alli!"

Gunvor ta ɗaga kai, ta gutsuri burodin kirfarta.

"Malam, wuyanta a lanƙwashe yake. Zalɓe ne. Gauraka miƙe wuya take."

Aka duba, zalɓe ne kuwa. Ana tsaka da dariya ta nuna bayan Torvald da ragowar burodin: gauraki uku, wuya zar, suna tahowa ta saman coci. Mai kanti ya rubuta GUNVOR, karo na talatin da ɗaya.

Sixten, ɗan kawunta, wanda shi ya ƙirƙiro zancen mikiyar, ya matso.

"Yaya Gunvor, da wannan idon har aljanna kina hangowa ko?"

"Tas nake ganinta, Sixten. Na duba ko'ina, babu kujerarka."