Ƙablin da na mayar ba'adi

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ba ya mantuwa, ba ya rafkana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, na daɗe ina koyar da fiƙihu a jami'a kafin annoba ta rufe ajujuwa, aka ce mu koma karantarwa ta intanet. Aka kawo kyamara gidana a Nassarawa GRA, aka kafa ta a ɗakin littattafaina. Ni da na tashi a zaure, inda ɗalibi ke durƙusawa ya biya, malam ya fassara yana duban fuskarsa, sai ga ni ina yi wa gilashi bayani. Ko da aka buɗe makarantu, a intanet ɗin aka bar ni, domin darussan sun karɓu wurin masu karatu daga nesa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin yabon.

Malaminmu, Allah ya jiƙansa, in ya gano ya yi kuskure a karatu, ba ya karya kumallo sai ya tara duk wanda ya ji, ya warware maganarsa. Na taɓa raka shi da ƙafa har Tudun Wada don ya gyara wa mutum ɗaya mas'ala ɗaya.

Wata rana na je ta'aziyya Kaura Goje, la'asar ta riske ni a masallacin unguwar. Liman ya manta zaman tahiya na farko, ya kuma ƙara sujada. Wanda ya haɗa ragi da ƙari, a mazhabarmu ƙabli zai yi, wato sujada biyu kafin sallama. Shi kuwa sai da ya sallame ya yi. Da aka watse na ja shi gefe na tuna masa a hankali. Tun ban rufe baki ba ya gane muryata, ya durƙusa.

"Allah ya gafarta Malam, ai daga bakinka na ji."

Ya zaro waya ya kunna. Ga ni da rawanina, ina faɗin ba'adi ake yi, babu ko inda-inda. Tuntuɓen harshe ne, kuma a zaure da ƙaramin ɗalibi ya tare ni nan take. Ya ƙara da cewa tsohon ladaninsu ya taɓa yi masa gyara a kan wannan, shi kuma ya kunna masa bidiyon a gaban jama'a, tun daga ranar tsohon bai sake gyara wa kowa ba. Na san sallarsu ba ta ɓaci ba. Amma da muryata aka rufe bakin mai gaskiya. Na nemi a kai ni wurin ladanin, aka ce ya rasu bara.

Washegari ban karya ba na tafi wurin shugabar sashen darussan intanet, 'yar Zariya, Kirista, mace mai ladabi. Ta cire darasin daga shafin jami'a a gabana. Na ce ta tara mini waɗanda suka ji shi. Ta ce waɗanda suka yi rajista za ta iya aika musu saƙo.

"Amma Baba, an daɗe da kwashe shi zuwa wayoyi. Wannan ba mai iya kiransa ya dawo."

Na sake ɗaukar darasin da gyara. Kaɗan ne suka buɗe shi. Tsohon darasin kuwa har kwanan nan wani ya turo mini shi, yana yi mini addu'a.

Shi ya sa na sa wannan a wasiyyata, na kuma rubuta shi a nan: duk wanda ya ji na ce ba'adi ake yi in ragi da ƙari suka haɗu, na janye, ƙabli ne. Ya isar wa wanda ya tura wa.

Allah ya gafarta wa ladanin nan, ya yafe mini. Ya sa albarka ga mai karanta wannan da iyalinsa, ya tsare harsunanmu. Amin.