Ladi da Rijiyar Gidan Malam Datti

Ladi Yakubu ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce a wani ƙaramin asibiti a Suleja. Mutuniyar Garam ce, amma a unguwar Wambai take haya tare da mahaifinta, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Saboda shi ta ƙi karɓar aikin da ta samu a Ibadan bayan ta gama kwas a can.

A daminar 1997 aka fara kawo yaran unguwarsu da gudawar da ba ta jin magani. Ladi ta lura duk gidajensu daga wuri ɗaya suke shan ruwa: rijiyar Malam Datti, mai gidan da take haya. Famfo ya daɗe da ƙafewa, shi kuwa dattijon bai taɓa hana kowa ɗiba ba.

Ta ɗebi ruwan a kwalba, ta duba a madubin gwaji har idonta ya yi ja. Ba ta ga komai ba. Ta san dalili: ƙwayoyin 'yan kaɗan ne cikin ruwa mai yawa. A Ibadan wata likita ta taɓa nuna wa 'yan kwas ɗinsu dabarar kama su. Ana zuba wani garin ƙarfe na musamman da ke manne wa ƙwayar cutar, sai a kara maganaɗisu a jikin kwalba, ya jawo su wuri ɗaya. Da ta roƙi shugaban asibitin a sayo garin, dariya ya yi, ya ce ko safar hannu ba su da ita.

Haka ta je ta durƙusa gaban Malam Datti hannu wofi.

"Baba, ina jin ruwan nan ne yake kwantar da yara."

"'Yata, kin gani da idonki?"

"Ban gani ba, Baba."

"To in na rufe rijiyar, ina za su sha?"

Ladi ta tashi ta fita. Ta koma bin gidaje tana cewa a riƙa tafasa ruwan, mata suna nuna mata risho ba kananzir. Wasu suka daina amsa gaisuwarta. Ta so tashi daga gidan, amma ba inda za ta kai tsoho marar lafiya.

Da ruwa ya ɗauke, ciwon ya lafa, aka ce ai dama iska ce. Ladi ba ta ƙara tayar da zancen ba. Wata ranar Asabar tana shanya, Hajjo matar Malam Datti ta matso da jikanta a goye, ta rage murya ta ce, "Malama, in ya tafasa sau ɗaya, ya isa?"