Motar da Yaya ba ta gane ba

Da asuba muka tashi daga Tasawa, liman bai gama addu'a ba ɗana ya riga ya tada mota. Mu biyu ne, shi yana tuƙi, ni ina gefensa. A baya mun ɗora rabin buhun shinkafa, da sukari, da turmin atamfa, da bargo sabo. Ku da kuka gan mu muna ficewa ta bakin tasha, kuna ta aiko tambaya yadda tafiyar ta kasance, to ku zauna in faɗa muku tun daga tushe, don yawancinku fenti kawai kuka gani.

Motar nan bashe ce, irin mai buɗaɗɗen baya da ake rufewa da tampol. Ta marigayi maigidana ce. Ya fi shekara ashirin yana jigila da ita tsakanin Tasawa da Mayahi da ƙauyukan da ke kewayen garin Sarkin Hausa, inda aka haife shi. Ta ɗauki hatsi, ta ɗauki awaki, ta ɗauki mai naƙuda, ta ɗauki gawa. Da ya rasu sai ta zauna gindin dogon yaro a ƙofar gidanmu. Ranar sadakar arba'in, yayarsa, wadda ta goya shi tun uwarsu ta bar duniya, ta dube ta a gaban jama'a ta ce mini, "Amarya, a sayar da gwangwanin nan tun bai zama akurkin kaji ba." Amarya take ce mini har yau da na yi furfura. Ni kuwa kun san ni, ba a taka ni in yi shiru. Na ce, "Yaya, wallahi ba zan sake taka garinku ba sai a cikin motar nan, tana tafiya da ƙafafunta." Na faɗa, mutane sun ji. Shekara tara ke nan. Kaji kuwa sun yi ƙwai a cikinta, yadda ta ce.

Bana Allah ya buɗa wa ɗana, aka ja ta zuwa garaji bayan kasuwa. Aka fidda tsohon injin aka saka wani mai ƙarfi, na wata mota da jikinta ya mutu cikinta na da rai. Aka ƙara mata ƙarafan nan na ƙasa da suke kira lam, cikinta ya ɗaga sama don kada ya riƙa jan rairayi. Aka sa tayoyi masu faɗi, aka ɗinke kujeru, aka jera fitilu a kan rufi. Duk inda ta lotsa aka buge, aka cike, aka goge har ya yi sumul. Fari ne launinta na da, farin da ya koma ruwan ƙasa. Ni na zaɓi shuɗi mai duhu kamar zanen da ya fito daga marina. Aka kuma sa mata sabuwar oda mai murya uku, irin ta manyan motoci. Kullum ina zaune a bencin makanike ina kallo, kamar wadda ake yi wa ɗiya lalle.

Ana cikin aikin saƙo ya zo cewa Yaya ta kwanta. Idanunta dama sun tafi tun bara waccan, yanzu kuma abinci ya ƙi shiga. Ɗana ya ce, "Inna, mu hau mashin gobe mu dubo Gwaggo." Na ce a'a, ba a gama fenti ba. Kwana goma sha tara muka ƙara. Wannan shi ne kayan da na fi jin nauyinsa a motar ranar da muka tashi, ba shinkafa ba. Ko za mu same ta da rai, ban sani ba.

Muna sauka daga kwalta muka hau jar hanya. Hanyar ta yi kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa. A da, in bashe ta hau wurin nan, haƙoranka ma sai sun gaisa da juna, maigida yana ta magana ba mai jin abin da yake faɗa. Yanzu sai ta bi ta kai tana shawagi, ko ruwan da ke cikin butata bai zube ba. Injin yana wani gurnani a hankali, ba tari, ba atishawa. Na ce wa kaina madalla, amma kunnena yana ta neman wani abu da bai samu ba.

Kaka ce, gonaki duk an girbe. Amalanke bayan amalanke, kowace da dammunan hatsi har sun rufe mai kora, shanu na tafiya suna gyangyaɗi. Rumbuna sababbin yaɓe sun yi layi a bakin ƙauyuka. Fulani sun fara sako dabbobi cikin kara. Masu sayar da esansi, wato fetur, a kwalba sun jera kayansu a inuwa, ɗana ya tsaya ya tambayi kuɗin lita, ya ji, ya ce a bar shi sai Mayahi. A wani shinge jandarma ya karɓi takardu, ya duba, ya zagaya motar sau biyu, ya leƙo ta taga ya ce, "Inna, motar nan fa ta girme ni." Na ce, "Ta girme ka, ta kuma fi ka kyau." Muka yi dariya, ya ɗage mana igiya. Wannan ita ce dariyar da na yi a hanyar, ban ƙara wata ba.

Hantsi ya ɗaga muka gangara gulbi, itatuwan goruba suka tare mu dama da hagu, muka shiga Mayahi. Ranar kasuwa ce. Tabarmin kaba, igiya, faifai, an zube su tuli-tuli. Hatsi ya yi sauƙi, tiya ta sauko ƙwarai a kan yadda muka bar ta da damina, amma barkono da mai sun ƙi saukowa. Ɗana ya sayo mana fura da nono, da ƙosai mai zafi a takarda, da goruba uku dala biyar don jikoki. Kafin ya dawo mutane sun kewaye motar, masu shafawa na shafawa, masu leƙa ƙarƙashi na leƙawa. Na gyara zama, na gyara lulluɓi. Abin da na yi shekara tara ina jira ke nan.

Sai ga wani tsohon ɗan kamasho na tasha, wanda ya yi zamani da maigida yana yi masa lodi. Ya dubi motar, bai dube ni ba, ya tambayi ɗana, "Ta wane purojen agaji ce wannan?" Na ce, "Malam, ba ka gane bashen maigidana ba?" Ya gane muryata, ya durƙusa ya gaishe ni, ya sake duban motar tun daga fitilu har taya. Ya ce, "Allah ya jiƙansa. Tasa kam tun tana gulbi muke jin ta." Bai faɗa da wata manufa ba, amma furar nan ban iya shanye ta ba. Can kuma na hango wata mata 'yar garin Yaya tana cinikin faifai. Da na kira ta, da ta gaya mini halin da ake ciki. Sai na kau da fuska, na ce wa ɗana mu tafi. Tsoron amsar nake ji.

Daga Mayahi muka kama hanyar Sarkin Hausa, can gaba muka ratse cikin rairayi, inda ba hanya sai sawun amalanke da na mashin. Akwai wani tudu kafin garin, duk wanda ya taɓa shiga bashe ya san shi. Nan take kafewa kullum. Kowa ya sauka, a tono yashi da hannu, a shimfiɗa kara a ƙarƙashin taya, maza su tura, maigida ya naɗe wando yana ta ba ta haƙuri kamar mutum. Ranar nan ta haye shi ko nishi ba ta yi ba. Ɗana ya bugi sitiyari don murna. Ni na waiwaya ina kallon tudun har ya ɓace.

A bakin garin akwai wani babban gawo. In maigida ya iso gindinsa yakan yi oda, biyu gajeru, ɗaya doguwa, gari ya san ya iso. Ɗana ya tuna, ya danna sabuwar. Jakai biyu suka tsinke igiya, tsuntsaye suka watse daga gawon. Ni idona na kan maƙabarta ina neman sabuwar ƙasa. Ban gani ba. Muka karya kwana, na dubi ƙofar gidan Yaya ko an shimfiɗa tabarmin makoki. Babu.

Jama'a suka fito, wasu na cewa 'yan siyasa ne, wasu na cewa masu rigakafi. Na sauka da atamfata da bargona na shiga ɗaki. Yaya tana kwance a kan tabarma, ta ƙanƙance kamar yarinya, matar da a da take ɗaukar dami biyu a ka. Na yi sallama, na durƙusa.

Ta ce, "Wa ke nan?"

Na ce, "Amarya ce, Yaya."

Ta ce, "Amarya ta ce ba ta zuwa sai a motar ƙanena. Ni ban ji motar ƙanena ba."

Ɗiyarta da ke jinyarta ta raɗa mini cewa duk ranar kasuwar Mayahi sai ta sa an fidda ita bakin zaure, ta zauna tana kasa kunne wajen gawo har magariba. Tun idonta na gani take haka.

Yaya ta ce a kai ta wurin motar. Ɗana ya sungume ta a hannu, ya tsaya da ita a gefen da nake zama. Ta miƙa hannu tana lalube ƙofar. Na san abin da take nema. Akwai wata lotsawa a wurin, inda wani bijimi ya tunkuya ranar da maigida ya ɗauko ta da ciwon ciki zuwa likita a Mayahi, ita tana ciki. Ya ƙi gyara wurin har ya mutu, yana tsokanarta cewa ko bijimi ya san bakinta. Ta shafa sama, ta shafa ƙasa. Sumul.

Ta ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Wannan ta wasu ce. Ashe kun sayar. Da kin zo ko a kan jaki ne, Amarya, ba sai kin aro mota ba. Ku maida ni ɗaki."

Na tsaya a tsakiyar jama'a ina kallon motar. Shuɗin, fitilun, kujerun, duk don ido na yi su, ita kuwa ba ta da ido. Abin da ta sani na motar shi ne muryarta da tabonta, kuma su na sa aka shafe.

Ɗana ya zaunar da ita a kan tabarma, ya ce, "Gwaggo, ki ba ni ɗan lokaci." Ya buɗe murfin inji ya kutsa kai. Ashe tsohuwar odar tana nan a maƙale. Ƙusarta ta yi tsatsa ta ƙi kwancewa, makanike ya yanke wayarta ya bar ta. Ya feƙe waya da haƙori, ya taɓa ta a batir. Shiru. Ya ƙwanƙwasa odar da ƙarfe, ƙura ta zubo, ya sake taɓawa. Sai ga muryar nan ta fito, dusasshiya, kamar tsohon rago mai mura. Biyu gajeru, ɗaya doguwa.

Tsofaffin garin suka ɗauki salati. Yaya ta ɗago kai, ta kira ƙanenta da sunan da ita kaɗai take kiransa tun yana goye. Sau biyu ta kira. Sannan ta lalubo hannuna ta riƙe.

Ta ce, "Amarya, kin daɗe a hanya."

Na ce, "Na daɗe, Yaya. Ki yafe mini."

Ta ce, "Gwangwani na ce, ko? Ga shi gwangwanin ya fi ni ƙwari. Ni ba ƙin ta nake ba. Ganin ta ba shi a ciki ne ba na iyawa."

Maganar da za ta faɗa mini a cikin numfashi ɗaya, da na zo na zauna kusa da ita tun shekarar farko.

Ta ce a sa ta gaba. Ɗana ya zagaya da ita garin a hankali, ta rijiya, ta masallaci, ta gawo, ni ina baya a kan buhun shinkafa. A gawo ta sa ya sauka ya sake taɓa wayar. Da muka dawo ta sha kunu ludayi huɗu, ɗiyarta ta ce rabonta da haka an yi sati.

Kwana biyu muka yi. Na yi mata wanka, na tsefe mata kai, muka yi hirar mutanen da duk sun mutu. A rana ta uku muka juyo da hantsi, aka cika mana baya da dammai da wake. Ban ga komai a hanyar dawowa ba da zan faɗa muku. La'asar ta yi mana a Tasawa, ban bari mun wuce gida ba, na ce a tsaya garaji. Na sa makanike ya cire odar mai murya uku, ya haɗa tsohuwar da kyau. Ya ce, "Inna, wannan ai ko akuya ba ta kora daga hanya." Na ce ba don akuya nake so ba.

Kwana shida da dawowarmu aka bugo waya Yaya ta cika, ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci. Allah ya jiƙanta, ya haɗa ta da ƙanenta a inda ya fi nan.

To kun ji tafiyar. Motar ta yi kyau, ba na musu, kuma tana hawa tudun da a da sai an tura ta. Wanda zai gyara tsohon abu ya gyara, amma ya fara tambaya da me mutane suka san shi, ya bar musu wannan. Wanda kuma ya yi rantsuwa cikin fushi a kan ɗan uwa, ya yi kaffara ya hau ko mene ne ya tafi. Ni na cika tawa, na ba da shekara tara na karɓi kwana biyu.

Ranar da muka dawo daga gaisuwa na tambayi makanike ko ana iya maida lotsawar ƙofar nan yadda take. Ya yi dariya, ya zaci wasa nake.