Gwiwar Baba da Tsohon Mai Jifa

Ni dai ban zo Doha don in koyi besbol, wasan jifa da sanda na Amurkawa, ba. Gadi ne ya kawo ni, awa goma sha biyu a tsaye a ƙofar wani rukunin gidaje a Al Aziziya, kuma in ana zancen wasa ƙwallon ƙafa na sani kamar kowa. Wani dattijo ɗan Zangon Kumasi ne ya jefa ni cikin wannan jaraba. Kamfaninmu ɗaya, ɗakinmu ɗaya a Mansura, gadonsa a ƙasa nawa a sama, kuma kowa Baba yake ce masa. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana tuƙin tasi a Amurka kafin takardun zama su ƙi. Bai dawo da komai ba sai wata baƙar hula mai tambarin ƙungiyarsa, da surutun besbol wanda ba ya ƙarewa.

Da farko haushi yake ba ni. Ka dawo aiki ƙafafunka na zugi, mutum ya tura maka waya a hanci wai ka ga yadda wani ƙato ya jefo ƙwallo, wani ƙaton ya maka mata sanda, sannan aka zaga fili da gudu. Na ce masa wallahi langa ta fi wannan ma'ana. Don in ƙuntata masa kawai na tambayi ƙungiyar da ya fi tsana, na ce to daga yau ita ce tawa. Abin dariya, kafin shekara ta zagayo na kamu da gaske. Na san masu jifanmu ɗaya bayan ɗaya, na san wanda hannunsa ya fara gajiya, ina tashi da safe in duba sakamako kafin in wanke baki. Daga nan ɗakinmu bai sake zama lafiya ba, don ni ba na barin magana ta faɗi ƙasa, shi ma haka.

Akwai abin da na sani game da Baba wanda ba wanda ya sani. Wata rana da la'asar na shigo na tarar da shi ya naɗe wando, gwiwarsa ta hagu ta kumbura kamar gwanda. Ashe duk bayan 'yan makonni wani ɗan garinsu mai aikin jinya yake yi masa allura a gwiwar, kullum kuma sai ya haɗiyi maganin kashe zafi kafin ya hau motar kamfani. Da haka yake iya tsayuwar awa goma sha biyu. A kamfaninmu kuwa, in aka ji ƙafarka ba ta da lafiya likita za a tura ka, in likita ya rubuta, ba za a sabunta maka kwantiragi ba, sai gida. Baba yana da 'ya a makarantar koyon jinya, saura mata shekara biyu, kuma aikin nan ne yake riƙe da ita. Ya kama hannuna ya ce, "Bakano, wannan amana ne. Shekara biyu kawai nake roƙon Allah." Na ce, "Haba Baba, ni ne fa." Har da rantsuwa na yi masa, ba tare da ya nema ba.

Lokacin hutun kakar wasa ya fi kowane lokaci muni a wurinmu. Babu wasa, babu abin kallo, sai labarin an sayar da wane, an musanya wane, sai kuma tsofaffin rigingimu da ake tonowa. Babbar rigimarmu ita ce ta wani gwarzon Baba, mai sanda da ya yi tashe a shekarun da yake can, wanda daga baya aka ce allurar ƙara kuzari ce ta ba shi wannan ƙarfi. Ni cewa nake ɓarawo ne, a goge sunansa. Baba kuwa cewa yake a zamanin rabinsu suna yi, masu ƙungiyoyin sun sani, sun kawar da kai saboda fili yana cika, sai da abin ya fashe suka wanke hannu suka bar 'yan wasa da kunya. Mun yi wannan musun ya fi sau hamsin, ba wanda ya taɓa matsawa ko taku ɗaya.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce. Mun dawo masallaci, Baba ya dafa shinkafa da wake irin tasu, mun zauna a ƙasa mu uku. Na ukun shi ne shugaban shif ɗinmu, mai kula da mu a wurin aiki, wani ɗan Gusau mai shiru-shiru da yake zuwa cin abinci wurinmu duk Juma'a. Ba ruwansa da besbol, ci kawai yake yana kallonmu. Da safiyar ranar labari ya fito cewa ƙungiyar Baba ta ba da tsohon mai jifanta, wanda ya yi mata shekara da shekaru, ta karɓi sababbin jini biyu. Tun a hanyar masallaci na ga ransa a ɓace, ni kuwa daɗi kamar an ba ni hutu.

Na ce, "Baba, sannu da rashi. Amma fa sun yi daidai, hannun nan ya mutu tun bara."

Ya ce, "Rufe mini baki. Mutum ya ba su ƙuruciyarsa, sun tsotse shi sun yar. Marasa mutunci."

"Kasuwa ce, ba gidan marayu ba. Hannu ya gaji, khalas, shi ke nan, a kawo wani."

Ya ajiye cokali. "Kai me ka sani? A waya ka koyi wasan nan, ni na koya maka. Ka taɓa zama a filin wasa? Ka taɓa jin ƙarar sanda da kunnenka?"

Na ce ba sai na je Amurka na dawo hannu rabbana ba kafin in gane ɓarawo, kuma mutumin da yake kare mai allura ba shi da bakin yi wa kowa wa'azin mutunci. Na ga maganar Amurkar ta soke shi, kuma na ji daɗin hakan, ba zan ɓoye ba. Ɗan Gusau ya ce, "Yalla, ku ci abinci mana, jama'a." Ba wanda ya saurare shi.

Baba ya nuna ni da yatsa. Ya ce, "Irinku ne ke sayar da ubansu in ya tsufa. Ba ka san abin da ke sa mutum ya kai jikinsa ga allura ba. Ba ka sani ba, don ba ka taɓa ɗaukar nauyin kowa ba."

Ubana ya rasu ina nan Doha, ban samu zuwa jana'iza ba, kuma Baba ya san haka. Na ce, "Ai dole ka kare shi! Ɗan allura ba ya ƙin ɗan allura. Kai da ba don allurar da ake danna maka a gwiwa ba, ko awa biyu za ka iya yi a ƙofa?"

Ɗan Gusau ya tsaya da loma a hannu, ya dubi Baba, ya dubi gwiwar, ya mayar da lomar cikin faranti. Baba ya jawo ƙafar tasa a hankali ya rufe ta da jallabiya, ya ci gaba da kallon abincin. Ni kuwa a take na so ƙasa ta tsage in shige, amma taurin kai bai bar ni na ba shi haƙuri ba, har da ƙara loma.

Bayan la'asar na bi ɗan Gusau har tashar jirgin ƙasa ina roƙonsa. Na ce wasa ne, zafin musu ne, ƙarya na yi. Ya ce, "Malam, da ban ji ba da shi ke nan. Yanzu in ya faɗi a bakin aiki aka gano na sani, ni da shi za a kora, ni ma ina da iyali." Na zage shi a zuciyata, amma na san ba shi ya tona ba. Cikin mako guda aka tura Baba wurin likita. Bayan wata ɗaya takardar sallama ta fito.

A watan nan muna kwana ɗaki ɗaya, ba ya yi mini magana. In na yi sallama ya amsa, shi ke nan. Ya daina dafa abincin Juma'a, ya daina buɗe labarin besbol, hular ma ya cusa ta cikin akwati. Ni da nake ta addu'ar a wayi gari ban ji surutunsa ba, sai ga shi shirun ya fi surutun ciwo. Ranar da zai tafi na ɗauki jakarsa zan sauko da ita, ya karɓe. A bakin matakala na tare shi na ce, "Baba, don girman Allah ka yafe mini."

Ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Na yafe maka, don ina so Allah ya yafe mini. Amma kar ka sake ce mini Baba." Ya sauka yana ɗingishi, a fili yanzu, tunda babu sauran wanda zai ɓoye wa.

Ni aka mayar ƙofarsa, wadda take da inuwa ko da tsakar rana, kuma aka kawo wani sabon jini aka ba shi tawa. Da kakar wasa ta dawo, tsohon mai jifan nan ya yi abin mamaki a sabuwar ƙungiyarsa, wasa bayan wasa ba a iya taɓa ƙwallonsa. Na rasa wanda zan gaya wa a duk faɗin Mansura. Na ɗauki waya na rubuta wa dattijon cewa ya ga mutuminsa kuwa, ashe gaskiyarsa ce. Na so in tambaye shi ko yarinyar tana makaranta har yanzu, na rubuta na goge, na sake rubutawa na goge. Saƙon ya shiga, ya nuna ya karanta. Yau shekara biyu ke nan bai amsa ba.