Tela da Darar Mijinta

A layinsu, kowa Tela yake kiranta, har mijinta. Shekara talatin da ɗaya ta yi a kan keken ɗinki a ɗakin gaba, shi kuma yana gyaran agogo a wani ɗan shago bakin titi. Allah bai ba su haihuwa ba. Babbar rigimarsu ita ce darar nan ta Turawa da ake kira ces, wadda yake bugawa da abokinsa mai kemis duk yamma har abinci ya huce. Ita ko kallon allon ba ta yi. Cewa take yi, manya da su sun zauna suna tura 'yan gumaka.

Wata safiya yana ɗaura takalmi ɓarin jikinsa ya shanye. Ya dawo daga asibiti hannun dama a mace, baki a karkace, magana ta ɗauke. Sai ya juya wa duniya baya. Ko mai kemis ya zo gaishe shi, bango yake fuskanta.

Bayan wata biyu ƙaninsa, direban babbar mota, ya zo ya tsaya a kansa ya daɗe, sannan ya ja Tela gefe.

"Yaya Tela, gaskiya ɗaya ce. Mutumin nan ba ya gane kowa. Asabar ta sama zan zo in tafi da shi wajena, akwai masu juya shi. Ke ma ki huta."

"Yana ganewa."

"Da me kika sani?"

Ba ta da abin nunawa. Abu ɗaya ta lura da shi: idan tana shara, idonsa yakan tsaya a saman kabad, inda akwatin darar yake.

Kwana tara suka rage. Ta ɗauki akwatin ta nufi kemis, ta dire shi a kan kanta ta ce a koya mata. Tsakanin mai neman maganin tari da mai ciwon haƙori, mai kemis ya riƙa nuna mata: soja gaba yake tafiya amma a karkace yake ci, sarauniya ko'ina take zuwa, sarki taku ɗaya. Doki ne ya sha mata kai, gida biyu gaba, gida ɗaya gefe. Sai da ta ce ai kusurwar aljihu ce, sannan ya zauna mata. Ɗinkin mutane ya taru, mai rigar aiki ta zo sau uku ta koma tana ƙunƙuni.

Kullum bayan azahar takan jera darar a faranti a kan cinyarsa, ta tura soja, ta jira. Ya kalli allon, ya kalle ta, ya lumshe ido. Kwana takwas haka.

Ranar Asabar ƙanin ya iso da hantsi, ko injin motar bai kashe ba. Ya buɗe jaka a gefen gado ya fara ninke riguna. Tela ta jera darar, ta tura soja. Mijin bai taɓa allon ba.

"Yaya Tela, don Allah kar ki wahalar da kanki."

Ta san mijinta. Mutum ne da in ya ga agogon bango ya karkace a gidan mutane sai ya tashi ya gyara. Ta ɗauki doki da gangan, ta miƙa shi gida uku a tsaye, inda doki ba ya taɓa zuwa, ta janye hannunta.

Ƙanin ya ja zip ɗin jakar rabi. Ita dai idonta na kan yatsun mijinta.

Hannun hagu ya ɗaga yana rawa, ya ture sojoji biyu kafin ya kai. Ya kama dokin, ya mayar da shi gidansa, ya ƙwanƙwasa shi a kan allon sau biyu, ya watsa mata hararar da ta fi wata biyu ba ta gani ba.

"Hannu ne kawai ya motsa," in ji ƙanin, amma murya ƙasa-ƙasa.

"Zauna ka gani."

Ta gyara sojojin, ta tafi da dokin daidai. Ya tura nasa. Kowace tafiya sai ya yi minti biyu yana kokawa da hannun, ba wanda ya taya shi. A tafiya ta goma sha ɗaya ta duba ko'ina, sarkinta ba mafita.

Ƙanin ya durƙusa a gabansa. "Yaya, ka san ni?"

Ya gyaɗa kai.

"Za ka bi ni?"

Ya sa hannun hagu ya tunkuɗe jakar ƙasa. Ƙanin ya fita ya kashe mota, ya daɗe a waje kafin ya dawo, idonsa ja. Ya ci abinci ya tafi shi kaɗai.

Maganar ba ta dawo ba har ya rasu bayan shekara huɗu. Sau ɗaya tak Tela ta taɓa cinye shi, a shekara ta uku. Ranar ya ƙi karɓar magani daga hannunta sai da ta sake jera darar.